Ni da Yaya Hashimu a Gonar Gilashi

Tun da muka dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a wurin niƙa a tare ni, har a hanyar rijiya sai na ji an ce, "Ladi, tsaya! Wai da gaske ne idan tsuntsu ya bi ta saman abin, gasasshe yake faɗowa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma kullum sai ya dawo mini da ƙarin da ban yi ba. Shekaranjiya wata ta ce ta ji an ɗaure Yaya Hashimu a boda. Ba a ɗaure shi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi, duk mai tambaya a miƙa mata.

Ga waɗanda ba 'yan garinmu ba: ƙauyenmu yana yamma da Makoɗa, ni kuma sana'ata daddawa. Bayan an gama girbi wasu 'yan kamfani suka zo suka ce suna son Tudun Ɗorawa, wato gonakin da ke arewacin gari, za su jera allunan sola a wurin su tara wuta. Gari ya rabu biyu. Shugaban masu cewa ba su yarda ba shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Hashimu. Gonarsa ta gado tana tsakiyar tudun, wannan dalili ne mai ƙarfi. Amma shi bai tsaya nan ba. Ya ce gilashin yana korar hadari. Ya ce yana gasa tsuntsaye. Ya ce duk kazar da ta shaƙi iskar wurin ta daina ƙwai ke nan.

Wadda kamfani ya turo ta yi mana bayani wata yarinyar Kano ce mai haƙuri, Injiniya Rukayya. Ta tsaya a ƙofar gidan mai gari ta ce mu da kanmu shaida ne cewa damina ta daina zuwa a kan lokacinta, zafi kuma sai ƙaruwa yake yi. Ta ce hayaƙin janareta da na masana'antu ne ya lulluɓe duniya, bishiyoyin da ke shanye shi sun yi kaɗan, kuma ƙasashe sun yi alkawarin rage shi, har da tamu.

Yaya ya miƙe ya ce, "'Yata, mu a garin nan janareta ɗaya gare mu, shi ma ya shekara bai tashi ba. Hayaƙin wa za mu rage?"

Aka yi ta tafi. Ni ban yi ba, don ni a lokacin ina goyon bayan kamfani ɗari bisa ɗari. Na gaji da jiran injin niƙa mai shan gas, wanda yau ya tashi gobe ya ƙi. Ina son in kunna fitila ba tare da na girgiza batir ba.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, kamfani ya ce a zaɓo mutane ya kai su wani ƙauye a ƙasar Damagaram inda aka riga aka yi irin aikin, su gani da idonsu. Suka ce dole a sa mace. Mata suka zaɓe ni, wai don ba na jin kunyar tambaya. Maigidana ya ce tunda da yayana za a tafi, Allah ya kiyaye hanya. Sauran 'yan tafiyar na'ibin liman ne da wasu dattawa biyu, waɗanda tun daga Ɗambatta suka yi barci, ba su da labari.

Ranar tafiya Yaya ya fito da babbar riga, da buta, da tabarma, da kuma kwando a rufe. Rukayya ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, mene ne a kwandon?"

Kwandon ya amsa da kansa. Kaza ce.

"Gwaji zan yi," in ji Yaya. "Kullum tana ƙwai, ba ta fashi. Zan kai ta wurin gilashin naku, mu gani."

Ni kuma na ɗauko daddawa a ƙwarya, don ban saba zuwa gidan mutane hannu biyu ba. Abin da ban lissafa ba shi ne motar mai na'urar sanyi ce, tagoginta a rufe ruf. Kafin mu kai Kazaure direba ya fara duban kowa ta madubi. Na'ibi ya toshe hanci da gefen rawani yana salati. Yaya ya ce tabbas kazar ce, ya buɗe kwando ya duba ta, ya ba ta haƙuri ya rufe. Ni dai na kafa ido a kan titi kamar ina ƙirga bishiyoyi. Sai da muka tsaya shan mai Rukayya ta raɗa mini, "Inna, ko mu sa ƙwaryar nan a but ɗin mota?" Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ba ta tona ni ba.

A Daura aka tsaya cin abinci. Aka kawo shinkafa da miya da nama. Yaya ya ture farantinsa ya ce shi ba a sayen sa da loma, ya ciro ƙuli-ƙulinsa daga aljihu ya koma gefe yana gurgura. Muka ci muka sha. Da za mu tashi sai na ga yana naɗe naman a leda. Na ce, "Yaya, ba ka ce ba ka ci ba?" Ya ce na kaza ne. Kafin mu kai boda na waiga na ga kazar tana kallon sa, shi kuma yana lasar yatsa.

A bodar Kwangwalam, ɓangarenmu ba a daɗe ba. An duba katunanmu, an yi dariyar kaza, an ce mu wuce. A ɓangaren Nijar ne aka yi abin da ya zama labarin ɗauri. Wani jandarma dogo, mai ladabi, ya karɓi katin Yaya ya duba, ya ce, "To, Mushe Hashimu, ina za a je?"

Yaya ya ajiye kwando. "Me ka ce?"

"Na ce Mushe Hashimu."

"Ni? Ni ne mushe? Yaro, da raina da lafiyata, na yi sallar asuba a jam'i, ka dube ni ka kira ni mushe?"

Jandarma ya rasa abin da ya yi. Ya sake cewa, "Mushe, yi haƙuri," abin ya ƙara lalacewa. Sai da direbanmu, wanda ya saba bin hanyar, ya shiga tsakani ya ce a can idan an ce mushe ana nufin malam ne, girmamawa ce ta Faransanci. Yaya ya ɗauki kwandonsa, ya ce to shi dai a bar shi da Malam ɗinsa, su riƙe girmamawarsu. Jandarman ya sara masa. Har muka shiga mota yana gunaguni, wai ƙasar da ake girmama mutum da mushe, ba mamaki su yarda a shuka musu gilashi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a can shi ne komai namu ne, kuma komai ba namu ba ne. Fuskokin irin namu, gero irin namu, jakai ma irin namu. Amma makaranta sai su ce lakwal, likita su ce lokotoro, wutar lantarki kuma kuran. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri. Na'ibi ya gutsura ya ce bari ya jira shayi ya yi masa ceto. Shayin kuma a ɗan kofin da bai fi na awon magani ba, ɗaci kamar maɗaci, kuma idan ka shanye ka yi hamdala sai a ce saura biyu.

An sauke mu a wani masauki na kamfanin, ɗakuna a jere, saman rufin duk allunan sola. Ni da Rukayya ɗaki ɗaya, maza a ɗaya ɓangaren. Ba mu daɗe da shiga ba muka ji ihu. Yaya ne ya je alwalar la'asar, ya murɗa famfon da ke da jan baki, ruwan zafi ya zubo masa a hannu. Ya fito yana yarfe yatsu yana cewa ga shi nan, tun ba a je ko'ina ba rana ta fara dafa mutane ta cikin famfo. Mai kula da masaukin ya nuna masa ɗaya famfon. Sannan, don ya huce, ya buɗe firiji ya miƙa masa ruwa mai raɓa a jikin gora.

Ku da kuka san Yaya kun san yadda bazara take yi masa. Ƙurajen zafi su fito masa a wuya da baya, ya yini yana susa da kara. Na ga lokacin da ya kafa kai ya sha ruwan nan. Ya sauke gorar, ya dube ta, ya sake kafa kai. Ni ƙanwarsa ce, na san fuskarsa.

Washegari da safe muka taru a tsakar gida, babu Yaya. Na'ibi ya ce ya yi ta buga ƙofa da asuba, shiru. Hankalina ya tashi. Can sai ga shi ya fito lulluɓe da bargon gado, ido a kumbure, yana atishawa. Ashe an kunna masa na'urar sanyi bai san yadda ake kashewa ba. Rukayya ta ce, "Ayya Baba, da ka kira an kashe maka."

Ya ce, "Wa ya ce ina so a kashe?"

Daga nan muka nufi gonar gilashin. Ba zan iya kwatanta muku girmanta ba, sai dai in ce idan kika tsaya a wannan gefe ba ki gane mutumin da ke wancan. Alluna baƙaƙe a jere, duk sun karkata wuri ɗaya kamar sahun masallaci. An zagaye su da waya. Babu ƙara, babu hayaƙi. Wasu maza suna bin layi da dogayen sanduna masu soso suna wanke su, tumaki kuma suna kiwo a ƙarƙashi, cikin inuwa.

Yaya ya fara da neman gasassun tsuntsaye. Ya bi layi yana duƙawa, babbar riga tana jan ƙasa. Abin da ya samu sheƙar kurciya ce a jikin ƙarfe, da uwar a kwance a ciki. Sai ya koma kan kaza. Ya ɗaure mata igiya a ƙafa, ya ajiye ta a ƙarƙashin allo, ya tsuguna yana gadi. Ana ta yi mana bayanin inda wuta take bi, shi ko waiwaye bai yi ba. Ba a jima ba muka ji kaza ta ɗauki kuka. Muka ruga. Ga ƙwai a kan yashi, da ɗuminsa.

Masu wanke gilashi suka ajiye sanduna suna dariya. Yaya ya ɗauki ƙwan ya jujjuya shi, ya ce, "Wannan ai tun daga gida ta taho da shi."

Amma daga baya na hango shi ya ja wani dattijo daga cikin ma'aikatan gefe. Na matsa na ji yana tambayar ko ruwan sama ya ɗauke tun da aka kafa abin. Dattijon ya ce, "Malam, ruwa ya daɗe yana yi mana wasa tun kafin gilashi ya zo." Ya ce tumakin nan nasa ne, kuma duk ƙarshen wata ana biyan sa aikin wanki. Yaya ya tambayi ko ɗakin masu gadi ma akwai na'urar sanyi. Aka ce akwai fanka. Ya gyaɗa kai a hankali.

Ni kuma da azahar ta yi na ce zan shiga cikin gari in yi salla a wurin mata, in kai tsarabata. Aka nuna mini gidan dattijon nan. Matarsa, Mariyama, ta karɓe ni kamar ta san ni. Da na buɗe ƙwarya sai ta dafe ƙirji, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta rufe ido. Ta kira maƙwabta ta kan katanga, "Ku zo, ga ta gaske!" Kafin in idar da salla gidan ya cika.

Ta kawo mini tuwo da miyar kuka. Na sa hannu na kai baki, na ji miyar kamar an yi mata sata. Dunƙulen kanti kawai aka jefa. Na ce, "Yaya Mariyama, ba kwa yin daddawa a nan?"

Ta ce, "Da ni nake yi wa garin nan duka. Inda kuka tsaya ɗazu, can ɗorayinmu suke."

Ta ce lokacin da aka zo, maza aka tara, aka auna gonaki, aka biya su. Babu wanda ya tambayi bishiyoyi, don gona ta namiji ce, kalwar da ke zubowa daga ɗorawa kuwa ta mata ce, kuma mata suna cikin gida. Ranar da suka ji ƙarar injin yanka, a ranar suka sani. Yanzu sai dai su sayi kalwa a hannun fatake masu zuwa daga wajenmu, idan sun zo.

Na ɗaga kai na duba ɗakinta, ban ga ƙwan lantarki ba. Na ce, "To wutar fa?" Ta kama hannuna ta fito da ni, ta nuna mini manyan wayoyi da suka bi ta saman gari suka miƙe. Ta ce, "Ga ta can, birni za ta. Muna gaisawa kullum."

Na ce, "Ashe cuta ce."

Ta ce a'a, in bi a hankali. Ta ce an ja wa ɗakin shan maganinsu wuta, jikarta a cikin haske aka haife ta, ba da tocila a baki ba kamar yadda ungozoma ta saba. Mijinta kuma ya daina tafiya cin rani. "Ban ce ku ƙi ba," in ji ta. "Amma ku yi maganarku kafin a kafa waya. Bayan an kafa, da maigadi za ku yi."

A hanyar dawowa na koma kusa da Rukayya. Na ce, "'Yata, ba ke kika ce mana bishiya tana shanye hayaƙin nan ba? To yaya za a sare ta don a gyara iska?"

Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce allon ba ya aiki a inuwa, dole wasu bishiyoyin su tafi. Ta ce ta taɓa tayar da maganar a ofis, aka ce mata mutanen gari ba su ambaci bishiya ba, su gonaki da kaji suke magana. Sannan ta ce, "Inna, idan kowane gari ya ce a kai gaba, a ina za a yi? Zafin nan ba zai jira mu gama shawara ba. Amma idan ku kuka faɗa da bakinku a gaban mai gari, ina da abin da zan riƙe in yi faɗa da shi."

Yaya yana baya, ya miƙe ƙafa, ya sa direba ya ƙara sanyi.

Ranar da aka taru jin rahoto, ƙofar gidan mai gari ta cika. Masu adawa suka zauna a dama suna jiran shugabansu, masu goyon baya a hagu, mata kuma muna daga bakin zaure. Yaya ya miƙe, mutanensa suka yi kabbara. Ya gyara riga ya ce, "Jama'a, na je, na gani. A kawo gilashi. In da hali a fara daga gonata."

'Yan dama suka dubi juna. Wani daga dama ya ce, "Kazar fa?" Yaya ya ce kaza tana nan lafiya, a bar maganar kaza.

Mai gari ya ce a ji ta bakin mata. 'Yan hagu suka gyara zama, don sun san ni tasu ce. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yarda ba. Sai an bar mana ɗorayi, sai kuma wutar ta sauka a garin nan kafin ta wuce birni." Na faɗi abin da na gani a gidan Mariyama, har miyar.

'Yan dama suka fara tafi, suka tuna ni ce, suka tsaya. 'Yan hagu suka dubi Yaya, suka rasa ko su rungume shi. Mai gari ya dube ni, ya dubi Yaya, ya ce, "Anya ba musanya ku aka yi a boda ba?"

Amma matan da ke bayana ba dariya suke yi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka fara magana, har waɗanda ban taɓa jin muryarsu a waje ba. Rukayya tana gefe tana saurare.

An ja maganar har damina ta faɗi. A ƙarshe kamfani ya matsar da rabin aikin zuwa faƙon da ke gabas, inda ko ciyawa ba ta fitowa, aka bar kurmin ɗorayi na bakin tudu. Aka yi alkawarin ja wa ɗakin shan magani da injin niƙa wuta. Amma bishiyoyin da ke tsakiya sun tafi, kuma a cikinsu akwai babbar nan ta gonar Yaya, wadda a gindinta Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta koya mini fasa kalwa. Ranar da aka sare ta ban fita ba. Ina daka na ji faɗuwarta, na ajiye taɓarya na shiga ɗaki.

Yaya ya nemi aikin wanke gilashi, aka ce shekarunsa sun wuce. An kafa falwaya tun daga tudu har bakin kasuwa, a tsaye reras, sai dai babu waya a kansu tukuna. Awaki sun samu wurin susa.

Makon jiya da la'asar sai ga Yaya ya yi sallama, ɗauke da wata 'yar kujerar tsugunno. Ya ajiye a gabana ya ce daga kututturen ɗorawar Inna ya sa aka sassaƙa. "Masassaƙin bai iya ba," in ji shi, yana kallon katanga. "Ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta."

Na zauna a kai. Gaskiyarsa, tana rawa. Na shafa gefenta, shi kuma ya yi kamar yana gyaran hula. Na ce, "Yaya, yaushe suka ce za a kawo wutar?"

"Bayan salla."

"Wace sallar?"

Ya ɗaga kai ya dubi falwayar da ke leƙowa ta saman katanga. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "Kin san ban tambaya ba."